Kayan Lambu a Tsakanin Rake: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Rake shuka ce mai jinkirin tashi. Daga ranar da aka binne gutsuren karansa mai ido biyu ko uku, toho yakan ɗauki mako 3 zuwa 5 kafin ya gama fitowa, sannan shukar ta shafe wata biyu ko fiye tana 'ya'ya a gindi. Sai bayan wata 3 zuwa 4 ne ganyen wannan layi yake kai wa na wancan, inuwa ta rufe ƙasa. Kafin nan fiye da rabin gonar fili ne: rana na dukansa, ruwan da aka ba shi na ƙafewa a banza, ciyawa na cin takin da aka zuba don rake. Sara kuwa sai wata 10 zuwa 12, wani irin ma ya zarce haka. Manomi ya kashe kuɗi a kan iri da taki da ƙwadago, ga kusan shekara guda a gabansa ba ko kwabo mai shigowa. Wannan giɓi na watannin farko shi ne tushen dabarar shuka kayan lambu a tsakanin layukan rake.

Haɗa shuka biyu a gona ɗaya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tsarin gicci, inda ake gitta layukan gero ko dawa da na wake da gyaɗa, ya daɗe a ƙasar Kano. A fadamun da aka sani da rake, irin su Maƙarfi a jihar Kaduna, inda ake yin mazarƙwaila, da kwarin Korama wajen Matameye da Magariya a jihar Damagaram, mai rake ba ya barin ƙasa mai laima ta zauna haka nan. Yakan sa alayyafo ko albasa ko tumatir ko kuɓewa a gefen kunya, ya ci moriyarsu kafin rake ya yi kai. Abin da binciken zamani ya ƙara a kan wannan tsohuwar al'ada shi ne awo: nawa rake yake raguwa, nawa kayan lambu suke kawowa, kuma wace shuka ce take zama lafiya da rake.

A Ghana kuma, batun ya shafi zangunan birnin Accra ta fuska biyu. Ta farko ita ce kasuwa. A bakin titin Nima da Maamobi, musamman ranar Laraba da kasuwar Nima take ci, ba a rasa mai baro da rake a jere. Yana fere ɓawon da doguwar wuƙa, yana datsa shi gaɓa-gaɓa, yana ɗaurewa a farar leda don masu wucewa. Wannan rake ba a cikin birni ake noma mafi yawansa ba. Daga ƙauyuka ake lodo shi, kuma tsadarsa ko arharsa tana bin halin da manoman can suke ciki. Fuska ta biyu ita ce lambu. Nima da Maamobi sun cika maƙil da gidaje, babu filin noma a cikinsu, amma da yawa daga masu lambunan Accra mutanen zango ne, 'yan asalin arewacin Ghana da Burkina Faso da maƙwabta. Da asuba suke fita zuwa Dzorwulu, inda ake noma a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko Roman Ridge, ko filayen da ke kusa da hukumar bincike ta CSIR. Suna noma latas da kabeji da albasa mai lawashi da kokwamba da ayoyo da alayyafo. Daga hannunsu ne salak ɗin da ake ɗorawa a kan waakye, wato shinkafa da wake, yake fitowa, haka ma ganyen miyar tuwo. Binciken cibiyar nazarin ruwa ta IWMI, mai ofishi a Accra, ya ƙiyasta cewa mutane kusan 200,000 ne suke cin irin wannan ɗanyen ganye kowace rana a abincin titin birnin.

Kafin a auna amfanin haɗa rake da kayan lambu, sai an fahimci inda suke karo da juna. Yawan rake a gona ya dogara ne a kan abu biyu: yawan kara da nauyin kowane kara. Yawan kara kuwa ana yanke shi ne tun a watannin farko, lokacin da uwar toho take fitar da 'ya'ya daga gindi. Waɗannan 'ya'ya suna buƙatar hasken rana ya sauka har ƙasa. Idan wata shuka ta yi musu inuwa a wannan lokaci, kaɗan ne za su fito, waɗanda suka fito ma su yi sirara, kuma duk takin da aka zuba daga baya ba ya mayar da abin da aka rasa. Saboda haka babbar rigimar rake da abokin zamansa a kan haske take. Ruwa da taki ana iya ƙarawa, amma ba a iya ƙara rana.

Daga nan ake gane shukar da ta dace. Wadda ta dace gajera ce, mai tsayuwa wuri guda, mai gajeriyar saiwa, wadda za a cire cikin kwana 60 zuwa 100. Albasa da tafarnuwa suna kan gaba, domin ganyensu siriri ne, a tsaye yake, ba ya tare wa rake komai. Latas, alayyafo, ayoyo, karas da kabeji suna biye. Wake mai tsayuwa, gyaɗa da waken soya suna da wata falala ta daban: ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu suna tara sinadarin naitirojin daga iska, don haka ba sa matsa wa rake a kan taki, kuma idan aka binne harawarsu bayan girbi ƙasa takan amfana. Waɗanda ba su dace ba su ne masu tsawo da masu yaɗo. Masara da dawa sukan rigayi rake tashi su danne shi. Kabewa, kankana da wake mai yaɗo sukan hau kan toho su shaƙe shi. Kuɓewa da tumatir da tattasai suna tsaka-tsaki: suna kawo kuɗi, amma suna daɗewa a gona, kuma doguwar kuɓewa takan yi inuwa, sai dai a sa layi ɗaya tak a tsakiyar fili mai faɗi.

Ƙasashen da suka fi nisa a wannan aiki sun tabbatar da hakan. A Indiya, wadda ita ce ta biyu a noman rake a duniya bayan Birazil, manoman jihar Uttar Pradesh suna dasa rake a watan Oktoba, lokacin da sanyi ke hana shi saurin girma, sai su cika tsakanin layukan da dankalin turawa, albasa, tafarnuwa ko wake iri-iri. Cibiyar binciken rake da ke Lucknow, wadda aka kafa a 1952, ta daɗe tana gwaji a kan wannan. Abin da gwaje-gwajen can suka yi ta nunawa shi ne, dankalin turawa da albasa da tafarnuwa ba sa rage rake sosai, wani lokaci ma raken da aka haɗa da dankali yakan fi wanda aka bari shi kaɗai, domin yana cin ragowar takin da aka zuba wa dankalin, yana kuma morar ƙasar da aka sassauta wajen tono. Alkama da masara kuwa sukan rage shi a fili. A tsibirin Morishiyos, inda rake ya cinye mafi yawan ƙasar noma, an shafe shekaru ana samun kaso mai yawa na dankalin turawan ƙasar daga tsakanin layukan rake. A kudancin Masar ma ana haɗa shi da albasa da wake da tumatir.

Masana suna auna ribar haɗa shuka da wani lissafi mai sauƙi, wanda kowane manomi zai iya yi da kansa. A ce eka guda ta rake zalla tana ba da dami 100, amma da aka haɗa da albasa ta ba da 92. A ce kuma eka guda ta albasa zalla tana ba da buhu 10, amma a tsakanin rake aka samu buhu 4. Rake ya kawo kashi 92 cikin 100 na abin da ya saba, albasa ta kawo kashi 40. Idan aka haɗa, eka ɗaya ta yi aikin eka ɗaya da kusan sulusi. Duk lokacin da jimillar ta haura 100, ƙasar ta yi amfani fiye da yadda za ta yi da a ce an raba shukokin. Sai dai wannan lissafi na ƙasa ne kawai. Akwai na aljihu, wanda sai an cire kuɗin irin albasa, ƙarin taki, ƙarin ban ruwa da ladan masu dashe da cira, sannan a ga ko buhu 4 ɗin sun biya dami 8 da aka rasa. A mafi yawan lokuta suna biya har da ragi. Abin da ya fi wannan muhimmanci ma shi ne lokacin da kuɗin suke zuwa: a wata na uku, daidai lokacin da rake yake neman taki na biyu da huɗa, kuma daidai lokacin da manomi da yawa suke cin bashi ko su sayar da raken yana tsaye a kan farashin wulaƙanci.

Tazara ita ce ke yanke hukunci. Inda aka dasa rake a layuka masu tazarar santimita 75 zuwa 90, filin tsakiya ƙanƙane ne, kuma yana rufewa da wuri. Layi ɗaya ko biyu na albasa kawai zai ɗauka. Inda aka buɗa zuwa santimita 120 ko 150, ana samun wurin komi sosai, kuma rake yakan rama ƙarancin layuka da yawan 'ya'ya da kaurin kara. Ga mai noman raken sha wannan riba ce ta biyu, domin mai saye a Nima kauri da laushi da tsawon gaɓa yake dubawa. Akwai kuma tsarin tagwayen layi, inda ake matse layuka biyu kusa da juna sannan a bar fili mai faɗi kafin tagwaye na gaba. Yawan rake a gona bai ragu ba, ga kuma fili ya samu. A kowane tsari, ana barin aƙalla taku ɗaya na ƙafa tsakanin gindin rake da layin kayan lambu na farko. Ana dasa kayan lambun rana ɗaya da rake ko cikin mako biyu na farko. Wanda ya jinkirta har rake ya yi wata guda, ganyensa zai ƙare a inuwa, ya yi tsawo ba auki.

Kuskuren da ya fi yawa a kan taki yake. Manomi yakan zuba abin da ya saba zuba wa rake, ya ɗauka zai ishi shuka biyu. Ba ya isa. Kayan lambu sun fi rake saurin kai baki, su za su cinye, rake ya tashi da yunwa. Kowace shuka da rabonta. Kashin kaji, wanda masu lambun Accra suka fi dogara da shi, yana yi wa duka biyun kyau idan ya ruɓe sosai kafin a zuba. Bayan an cire kayan lambu sai a ba rake yuriya ko kamfa, a yi masa huɗa, a tura ƙasa gindinsa don kada iska ta kayar da shi idan ya yi tsawo. Amma idan ya haura wata 5 ko 6 a daina ba shi naitirojin, domin wanda aka ba shi a makare yana ci gaba da fitar da ganye, zaƙinsa ya ragu. Haka ma ruwa: ana janye shi a makonnin ƙarshe don sukari ya taru a kara.

Magungunan feshi su ne wurin da ya kamata a fi tsayawa, domin a nan ne kuskure yake taɓa rai. Atirazin, maganin ciyawar da aka saba fesa wa gonar rake da masara, yana kashe shuke-shuke masu faɗin ganye, kuma yana daɗewa a ƙasa. Gonar da za a sa wa latas ko wake ba a kai mata shi. Fartanya ce maganinta, kuma kayan lambun kansu suna rage ciyawa tunda sun rufe fili. Mafi haɗari shi ne maganin ƙwari mai tsaba irin su Furadan, wanda wasu suke barbaɗawa a ramin rake saboda gara da tsutsar kara. Shuka tana zuƙar sa ta saiwa ya ratsa jikinta. Rake yana da wata goma a gabansa, amma alayyafon da ke gefensa mako huɗu kawai gare shi kafin ya shiga tukunya, kuma wanki ba ya fitar da gubar da ke cikin ganye. Ƙasashe da dama sun haramta wannan magani. Bai kamata ya kusanci gonar da ake haɗa rake da abin da za a ci ɗanye ba.

Idan aka dawo kan lambunan cikin Accra, lissafin yakan juye. A fadamar Maƙarfi rake ne mai gida, kayan lambu baƙi. A Dzorwulu kuwa latas ne mai gida. Mai lambu a can ƙaramin fili gare shi, sau da yawa bai kai rubu'in eka ba, kuma latas yana isa cira mako 4 zuwa 5 bayan dashe, don haka komi ɗaya yana zagayowa sau da yawa a shekara. Matan kasuwa suna zuwa har lambu, su sayi komi sukutum, su cira da kansu. Mai irin wannan ciniki ba zai ba rake tsakiyar filinsa ba, domin bayan wata huɗu inuwa za ta kore latas har ƙarshen shekara.

Ruwa ma bai yarda ba. Rake yana shan milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya isa sara, alhali ruwan saman Accra bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, a damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ragowar sai ban ruwa, kuma mafi yawan masu lambu da hannu suke yi. Mutum ya tsoma butoci biyu masu cin lita 15 kowace a rafi ko kududdufin da ya haƙa, ya ɗauko su ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya bi komi yana yayyafawa, ya koma ya sake ɗebowa, safe da yamma. Da irin wannan wahala ba a shayar da gonar rake. Sannan ga rashin tabbas a kan ƙasar. Filayen na gwamnati ne ko na hukumomi, aro ake ba su ko kawaici ake yi musu, kuma gini yana ta cinye su shekara bayan shekara. Wanda ba shi da tabbacin kaiwa baɗi a fili yana da hujja idan ya ƙi shuka abin da sai baɗi zai sara.

Duk da haka rake yana da gurbi a irin waɗannan lambuna, a gefe. Layi ɗaya a bakin rafi ko kan iyakar lambu, inda ƙasa take da laima dama kuma ambaliya takan lalata ganye, yana samun ruwa ba tare da an ɗauko masa ba. Saiwarsa tana riƙe gaɓar rafi, kuma yana jure kwanciyar ruwa ta 'yan kwanaki fiye da kowane ganye. Idan yana yammacin lambu, yana tare zafin rana ta la'asar a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ke sa latas ɗaci da saurin fure. Busasshen ganyensa kuma abin rufe komin reno ne. Yana da nasa sharri: saiwarsa tana miƙewa ta sha ruwan komin da ke kusa, don haka a bar hanyar ƙafa tsakaninsu, ganyen da aka bari ya taru a gindinsa maɓoyar ɓeraye da macizai ne, ƙarƙashin wayar lantarki kuwa ba wurin doguwar shuka ba ne.

Akwai kuma batun tsabtar ruwa, wanda ya daɗe yana damun masu lambun Accra. Rafuka irin su Onyasia da magudanun da ke gangarawa kogin Odaw suna ɗauke da ƙazantar gidaje, kuma ganyen da ake ci ɗanye shi ne ya fi ɗaukar ƙwayoyin cuta daga irin wannan ruwa. Rake ta wannan fuska ya fi latas aminci, tunda abin da ake sha yana cikin ɓawo, sama da ƙasa. Wannan wani dalili ne na ba shi layin da ya fi kusa da ruwa, a ja da ganye baya, a riƙa shayar da su daga kududdufin da ruwa ya kwanta. Amma amincin yana ƙarewa ne a hannun mai sayarwa: raken da aka fere sannan aka yayyafa masa ruwa marar tsabta don ya yi sheƙi ya koma abin tsoro.

Inda dabarar za ta fi yin tasiri a Ghana shi ne yankunan da ake noman rake da gaske. A shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina masana'antun sukari biyu da taimakon ƙasashen gabashin Turai, ɗaya a Komenda a yankin Tsakiya, ɗaya a Asutsuare a bakin kogin Volta. Duka biyun sun durƙushe a farkon shekarun 1980. An sake gina ta Komenda da rancen dala miliyan 35 daga Indiya, Shugaba John Mahama ya buɗe ta a watan Mayun 2016, da nufin ta riƙa matse tan 1,250 na rake a rana, amma ta shafe shekaru a tsaye, kuma rashin isasshen rake yana cikin manyan dalilai. Har yanzu kusan duk sukarin da ake sha a koko da shayi a Nima daga waje ake shigo da shi. Ƙaramin manomi ba zai ba rake gonarsa shekara guda ba alhali yana da bakunan ciyarwa, sai idan gonar za ta ba shi wani abu a tsakani. Barkono, kuɓewa, wake, yalo da albasa suna da kasuwa a Cape Coast da Takoradi da Accra, kuma Asutsuare ba ta da nisa da kasuwannin Ashaiman da Tema. Duk shirin da zai nemi manoma su koma rake ba tare da ya tsara musu abin da za su ci a watannin jira ba, ya bar muhimmin abu a baya. A Najeriya ma, inda cibiyar binciken hatsi ta Badeggi take da alhakin binciken rake, kuma ake da manyan gonaki a Numan da Sunti, tambayar ƙananan manoman da ke kewaye ita ce dai wannan.

Saura gyauro. Bayan an sare rake, gindinsa yana sake tohowa, a samu sara na biyu har na uku ba tare da sabon dashe ba. Gyauro ya fi sabon dashe saurin tashi, tunda saiwarsa a kafe take, don haka giɓin da yake bari gajere ne, bai fi wata biyu ba. Albasa da kabeji ba sa samun isasshen lokaci a cikinsa. Abin da ya dace shi ne mai saurin isa, kamar alayyafo, ayoyo, latas ko wake ɗan kwana 60. Ganyen raken da aka sare kuma kada a ƙone shi. A tattara shi a layi ɗaya, a bar na kusa da shi a share don kayan lambu, a yi ta haka bi da bi har ƙarshen gona. Layin da aka rufe yana riƙe laima yana hana ciyawa, wanda aka buɗe kuma a sassauta ƙasarsa da fartanya, a zuba ruɓaɓɓen taki, a yi dashe cikin makon da aka yi sara.